Duniyar wasa daga gonakin arewacin Kano: wa zai rubuta mana kundinmu?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Yau zancen wani wasa za mu yi, wanda wasunku sun taɓa ganinsa a fim amma ba su san yadda ake yinsa ba. Sunansa Dungeons & Dragons. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fito da shi a Amurka a 1974. Ba a waya ake yinsa ba. Mutum huɗu ko biyar za su zauna su kewaye tebur, ɗaya ya zama mai jan labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama shi. Mai jan labari zai ce, "Kun iso bakin wata rijiya, kun ji motsi a ciki, me za ku yi?" Kai kuma ka ce za ka leƙa. Sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, amma mai fuska ashirin, ita za ta nuna ko ka dace ko ka faɗa hannun dodo. Wato dai tatsuniya ce wadda masu sauraro ke da ta cewa a cikinta.

To, abin da ya fi jan hankalina shi ne littattafan da ke biye da wasan. Littafin dokoki daban, sannan akwai littattafan ƙari da ke gina duniyar da labarin ke faruwa a ciki: taswira, sunayen garuruwa, jerin sarakuna, irin kuɗin da ake kashewa, abin da mutane ke tsoro da dare. Tun a 1975 kamfanin TSR ya fara fitar da littattafan ƙari, Greyhawk da Blackmoor. A 1987 aka fitar da kundin Forgotten Realms, duniyar da Ed Greenwood ya ƙago, kuma har yau ana cin kasuwarta da littattafai da wasannin kwamfuta.

Ina Afirka a ciki? An taɓa. A 2002 Atlas Games ya buga Nyambe. A 2021 Paizo ya fitar da littafin Mwangi Expanse na wasan Pathfinder, marubuta baƙar fata da dama suka sa hannu. Akwai kuma The Wagadu Chronicles na kamfanin Twin Drums, wanda ya ari sunansa daga tsohuwar daular Gana. Madalla da su. Amma ka san Afirka da faɗi. Mutumin da ya tattaro Yarbawa da Masar da Zulu ya zuba a tukunya ɗaya, ba lallai ya san bambancin gero da maiwa ba.

Kuma wallahi kayan aikin muna da su jibge. Ɗauki Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908. Wannan littafi ai kusan kundin wasa ne a shirye. Ga Barbushe a kan dutsen Dala, ga Tsumburbura da bishiyar da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai shi. Ga Bagauda da aka ƙiyasta zuwansa a 999. Ga Gijimasu da ya fara ganuwa. Ga Wangarawa sun iso daga Mali zamanin Sarki Yaji. Ga Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, da kasuwar Kurmi. Ka matsa arewa kaɗan zuwa Daura, ga rijiyar Kusugu da macijinta da Bayajidda. Sai tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tara a juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, da waɗanda Ibrahim Yaro Yahaya ya tara daga baya. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam kuwa, saurayi ne ya fita neman ruwan magani, yana faɗawa rigima daga gari zuwa gari. Haka ɗin dai ake tsara tafiyar jarumai a wannan wasa.

Amma ni da za a ba ni zaɓi, ba daga fada zan fara ba. Daga ƙauye zan fara, wajen Dambatta, Makoɗa, Bichi, Kunchi, Tsanyawa da Dawakin Tofa. Me ya sa? Duniyar wasan Turawa cike take da daji da kufai, jarumi ya yi kwana uku bai ga mutum ba. Ƙasarmu ta nan ba haka take ba. Gona na manne da gona, gida na hango gida, kowane taku na ƙasa da mai shi. Masana irin su Michael Mortimore sun shafe shekaru suna nazarin yadda jama'a masu yawa haka ke noma ƙasa ɗaya kowace shekara ba ta mutu ba. Sirrin taki ne: kashin awaki da tumaki, toka, da sharar birni da ake ɗaukowa a kan jakuna.

Yanzu ka sa wannan a wasa. A irin wannan ƙasa dukiya ba akwatin zinariya ba ce a kogo. Rumbu ne cike da gero a watan da na kowa ya ƙare. Abokin gaba kuma ba sai ya zo da fukafukai yana aman wuta ba. Fari ne, ko fara, ko maƙwabcin da ya matsar da iyakar gona da dare, ko attajirin da ya saye hatsi da kaka ya ɓoye sai damina. Kakannin kakanninmu sun ga yunwar 1913 zuwa 1914, iyayenmu sun ga farin farkon shekarun 1970. Ka ce wa 'yan wasa ruwa ya ɗauke kwana ashirin bayan shuka, iri ya ƙare, ayarin fatake na wucewa jibi, kuma mai gari da Sarkin Noma ba sa ga maciji da juna. Ka ga labari ya tashi ba tare da an zare takobi ba.

Hatta itatuwanmu sun isa babi guda. Gawo yana zubar da ganye da damina lokacin da kowa ke kore, ya yi ganye da rani lokacin da kowa ya bushe, shi ya sa gero ke kyau a ƙarƙashinsa. Wane marubuci ne zai ƙago abin da ya fi wannan? Ga kuka, ga tsamiya da yara ke tsoron wucewa da tsakar rana. Jarumai kuma, maimakon mayaƙin Turai mai sulke, ga maharbi, ga maƙeri, ga wanzami, ga ɗan tauri, ga ungozoma, ga maroƙi wanda bakinsa ya fi mashi kaifi, ga madugu mai kai ayari Gwanja neman goro.

Na san tambayar da ke bakin wasunku: addini fa? Tambaya ce mai nauyi, kar a yi mata dariya. Ko a Amurka, a shekarun 1980, iyaye da malaman coci sun tayar da jijiyar wuya kan wannan wasa. Mu nan abubuwa biyu ne. Na farko ƙwayar da ake jefawa. Ba kuɗi ake sawa ba, amma malamai na da magana a kan wasa da ita, don haka wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa, ko a sake dokar wasan yadda ba sai an jefa komai ba. Na biyu, bori da iskoki. Ra'ayina shi ne Gizo da Ƙoƙi da Dodo na tatsuniya ne, kowa ya san ƙirƙira ce, a yi wasa da su. Amma abin da wasu ke bautawa, ko abin da Musulunci ya yi hani da shi, ba kayan ado ba ne da za a liƙa wa jarumi don ya burge. Ɗan gida ne ya san inda wannan iyaka take. Baƙo zai taka ta bai ma sani ba.

Ga dalilin da ya sa nake ganin abin da gaggawa. Tsofaffin da suka san sunan kowace fadama da labarin kowace tsohuwar rijiya suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, mu kuma dare ya yi kowa ya duƙufa a waya. Ranar da wani kamfani a waje zai ga Bayajidda ya yi masa kyau, zai buga littafinsa, ya zana shi yadda ya ga dama, 'ya'yanmu su saya da dala.

Don haka ga aikin gida. Sayi littafin rubutu mai shafi arba'in. Zana taswirar ƙauyenku: masallaci, rijiya, maƙera, kasuwa da ranar da take ci, burtalin da shanu ke bi. Je wajen kaka ko wani dattijo, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Baba, wa ya fara sarar wannan gari?" Rubuta abin da ya faɗa, ka ware abin da tarihi ne da abin da kai ka ƙara, ka canja sunayen mutanen da ke raye. Sannan ka tara abokai huɗu a kan tabarma bayan isha'i, ka ja musu labari.

Mu kwana nan. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.