Kafin A Sa Hannu Da Jami'ar Waje, A Tambayi Malamai

Ni dai difloma gare ni, amma akwai abin da na gani da idona.

Muna makaranta aka ce an ƙulla yarjejeniya da wata jami'a ta ƙasar waje. Shugabanni suka tafi, aka sa hannu, aka ɗauki hoto. Malaminmu, wanda shi ne zai yi binciken, wallahi a allon sanarwa ya gani kamar kowa. Har muka gama, ɗalibi ko ɗaya bai tafi ba, baƙon malami bai zo ba.

To, ku dubi cibiyar binciken noman yankuna masu ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero. Aikin malamanta ne ya jawo tallafin Bankin Duniya, yau ga ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma suna zuwa Kano karatu.

Daga Janairun 2025 TETFund ta dakatar da tura malamai karatu waje, saboda tsadar dala da masu tafiya su ƙi dawowa. Masu gudun nan ba su kyauta ba, kuɗin talaka ne fa. Amma malamin da ya yi wata takwas a gida a yajin aikin 2022, ɗakin gwajinsa babu wuta, me aka tanadar masa ya dawo ya tarar?

Abin da muke nema: kowace yarjejeniya ta fara bi ta sashen da zai yi aikin. A ambaci malamin da zai riƙe ta, a rage masa darussa, a ware masa kuɗin bincike.