Igwa a Gefen Dakaru



Mas'alarmu ta yau ita ce igwa, da yadda Ingilishi suke raba ta ga dakarunsu. A zamanin bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, sa'ad da kwamandansu Wellington yake yaƙar sojojin Napoleon na Faransa a ƙasar Sifen, bai tara igwoyinsa duka wuri guda ba, sai ya bai wa kowace rundunar mayaƙan ƙasa rabonta, galibi igwa shida, ta yadda duk inda dakaru suka ja sahu, igwa tana gefensu.

Wannan tsarin, ya ku masu saurare, shi ne ya iso ƙofarmu. Ranar 15 ga Maris 1903, a filin Giginya na Sakkwato, sojojin Ingila suka yi sahu mai kusurwa huɗu, da igwoyin da ƴan dako suka ɗauko musu a ka, gunduwa-gunduwa. Mayaƙan Sarkin Musulmi Attahiru, waɗanda jaruntakarsu ba abar shakka ba ce, suka yi ta faɗuwa tun ba su kai ga sahun ba.

Allah ya jiƙan shahidan Giginya.