Yaron da Ke Firgita Cikin Dare

Yau zancenmu a kan yaran gidajen marayu ne, musamman waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da iyayensu a Borno da Yobe tun daga 2009.

Ki ɗauka yaro ne ɗan shekara takwas, an kai shi gidan marayu a Maiduguri. Ga ci, ga sha, ga sutura. Amma dare na yi sai ya farka da ihu. Fitsarin kwancen da ya daina tuntuni ya dawo. Ƙofa ta buga da ƙarfi, sai a same shi ƙarƙashin gado. Wani kuma ɓoye abinci yake yi a riga, ko da ya ƙoshi. Mu me muka saba cewa? Iskoki ne, ko taurin kai ne, a kawo bulala. To, ba haka ba ne. Abin da idonsa ya gani ne bai sake shi ba, kullum jikinsa cikin shirin gudu yake. Duka kuwa ƙara tabbatar masa yake cewa har yanzu bai tsira ba.

Masu ilimin halayyar yara sun fi ƙarfafa abu guda: a samu mace ɗaya da yaron zai saba da ita, ba yau wannan gobe waccan ba. Lokacin abinci da na barci kada ya riƙa canjawa. Ba a tsare shi da tambayar yadda aka kashe babansa. Takarda da fensir ake ba shi, ko a bar shi ya yi wasa, abin da baki ya kasa faɗa sai ya fito a zane. In ya jiƙa shimfiɗa, a wanke a shanya ba surutu. Don Allah kada a tara masa yara suna kiransa amalala!

Na san da yawanku kuna riƙon maraya a ɗaka, ɗan ɗan'uwa ko ɗan kishiya. Duk wannan za ki iya shi a tsakar gidanki. Amma in an yi watanni abin bai lafa ba, ko ya daina cin abinci, ko ya fara zancen mutuwa, ki yi wa maigida magana a kai shi asibiti. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano. Ki ci gaba da yi masa addu'a da tofi, ba su hana ganin likita.