Gam ɗin farce da auduga ba sa ga maciji



Maganarmu ta yau a kan 'yar kwalbar gam ce, wadda mata ke manna farcen kanti da ita. Ku masu sarin kayan kwalliya a Kejetiya da Alabar kun san ta, balle gab da sallah, lokacin da 'yan matan Aboabo da Asawase ke layi wajen masu gyaran farce. Sinadarin da ke ciki iri ɗaya ne da na sufa gulu, wanda makiyayi ke liƙe takalmin roba da shi.

To, ga inda gizo ke saƙar. In gam ɗin ya ɗiga a fata zalla, galibi mannewa kawai yake yi. Amma in ya haɗu da auduga ko ulu, nan take yake sandarewa, ya saki zafi mai tsanani, wani sa'in har da hayaƙi. Atamfa auduga ce, wandon jins ma haka. Ƙyallen ya manne a cinya, zafin ya ci fata har ciki, wata ƙunar sai an yi dashen fata. Ta fi muni ga yara, don fatarsu ba kauri.

In tsautsayi ya faru, kada a fizge tufar, da fata za ta taho. A yi ta kwarara ruwa mai sanyi har minti 20, ban da ƙanƙara. A yanke ƙyallen da ke kewaye da almakashi. Ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja ko kashin shanu. Sai asibiti. A Kumasi, asibitin Komfo Anokye na da sashen masu ƙuna.

Kwalbar kuma tana kama da ta maganin ɗigawa a ido, don haka a raba musu ma'aji. In ya shiga ido, a wanke da ruwa, kada a ɓanɓare da ƙarfi, a nufi likita.

'Yan kasuwa, kada a sa shi a aljihu ko a ƙulle a bakin zane, kada a cusa shi cikin dilar atamfa. Hajiya mai shago, ki gaya wa mai saye ta ɗora kwalbar a faranti, ba a cinya ba.

Allah Ya tsare mu. Sai mako mai zuwa.