GYARAN MALAMI A LITTAFIN ƊALIBI

Jawabi ga malamai da iyayen yara

Jama'a, a shekarar 1976 aka kafa dokar da ta ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya, Abuja, a cikinta ne kuma aka soma shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowane yaro a Nijeriya. Bayan shekara guda, watau a 1977, Gwamnatin Tarayya ta fito da Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda ta umurta a riƙa auna ƙoƙarin ɗalibi a kai a kai, kada a jira jarrabawar ƙarshe kaɗai. Nufin wannan tsari shi ne malami ya gane inda yaro ya yi tuntuɓe tun da sauran lokaci. Amma a makarantu da dama abin ya koma cika rajista da maki kawai.

Maki kuwa ba ya koyar da kowa. A ɗauki misalin yarinya 'yar aji 3 da aka ce ta ɗebe 27 daga 52, ta rubuta 35. In malami ya ja mata jan biro ya wuce, gobe ma 35 za ta rubuta. In kuwa ya tsaya ya duba, zai ga ba sakaci ta yi ba: a kowane gida ƙaramin adadi take ɗebewa daga babba, domin ba ta fahimci aron goma ba. Jimla ɗaya a gefen littafi, da lissafi biyu irinsa da za ta sake yi a gabansa, sun isa su warkar da ciwon da zai iya bin ta har sakandare.

Masana sun gwada wannan magana. A 1988 wata mai bincike, Ruth Butler, ta kasa 'yan makaranta kashi uku: wasu aka ba su maki, wasu bayanin gyara, wasu duka biyun. Waɗanda suka sami bayani kaɗai su ne aikinsu ya ƙaru. Abin mamaki, waɗanda aka haɗa musu biyun ba su fi masu maki kaɗai ba, domin da zarar yaro ya ga lamba sai hankalinsa ya tafi ga ta maƙwabcinsa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malamin makarantar allo ba ya yarda almajiri ya wanke allonsa sai ya biya karatun a gabansa, ya gyara masa harafin da ya karkace, sa'an nan ya ɗora masa sabo.

Lalle akwai wuya. A unguwanni irin su Nyanya, Karu da Kubwa jama'a sun yi yawa, ajujuwa sun cika, ba kuma mai hankalin da zai ce malami ɗaya ya rubuta wa kowane yaro sharhi kullum. Abin da zai yiwu shi ne ya tattara kuskuren da ya fi yawa ya warware shi a bakin allo kashegari, ya kuma kasa littattafan, kowane yaro ya sami gyara a rubuce ko sau ɗaya a mako. Zagi da kushe ba su cikin gyara. Yaron da aka kira daƙiƙi ɓoye littafinsa zai yi.

Iyaye kuma, in yaro ya dawo gida, kada tambayar ta tsaya ga na nawa ya zo. A buɗe littafin, a ce ya nuna abin da malam ya gyara masa, da inda ya sake yin aikin. Uban da bai yi karatun boko ba ma yana iya ganin ko akwai hannun malami a shafin ko babu.