Gambo Sawaba da Ƙuri'ar Mata: Jawabi ga Rassan Damagaram

Ya ku ƴan'uwa, wakilan rassan Zinder da Mirriya da Magarya da Matamai, maza da mata, barkanku da zuwa.

Yau zancen mace ɗaya zan yi muku, Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya. Sunanta na yanka Hajaratu, an haife ta a 1933. Aka ce mata Gambo don ta biyo tagwaye. Iyayenta suka rasu tana ƙarama, aka yi mata aure tana da shekara 13. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950 ta shiga, tana yarinya danya, har ta zama shugabar matan jam'iyyar. Kalmar nan Sawaba da ta bi sunanta, ita ce kuma sunan jam'iyyar Jibo Bakari a nan Nijar, wadda ta ce a jefa "a'a" a zaɓen 28 ga Satumba 1958, aka hana ta a 1959.

To, mene ne aikin Gambo? Gida-gida take shiga, inda namiji ba ya iya shiga, ta zauna da matan kulle ta yi musu bayanin zaɓe da karatun ƴaƴa mata da illar auren wuri, wanda ita kanta ta ɗanɗana. A kan haka aka kama ta a Kano, alkali ya ɗaure ta, aka kore ta daga birnin. An lissafa mata shiga gidan kaso sau 16. An doke ta, an aske mata kai. Duk sanda aka sake ta sai ta koma kan aikinta.

Ba ita ta fara ba. A Masar, Huda Sha'arawi ta shirya fitowar mata kan titunan Alƙahira a 1919 suna neman Ingilishi su fita, ta kuma kafa ƙungiyar matan Masar a 1923. Ingila ta ce ta ba Masar mulkin kai a 1922, amma matan da suka yi gwagwarmayar aka bar su ba ƙuri'a. Huda ta rasu a 1947, ba ta ga ranar ba, don sai 1956 matan Masar suka samu.

A shekarar nan ta 1956 doka ta zo daga Faransa ta ba kowane baligi na Nijar ƙuri'a, mace da namiji. Matan Arewacin Nijeriya kuwa, makwabtanmu, sai 1976, shekara 20 bayan namu. Abin da Gambo ta sha ɗauri a kansa, iyayenmu mata a takarda ya iske su. Abin da aka samu a arha kuwa, a arha ake riƙe shi.

Jama'a, mu dubi rassanmu. Mata ne ke cika mana taro ran kasuwa, su yi guɗa, su dafa abincin baƙi. In an zo zaɓen shugabannin reshe sai a ce su koma gida. Wannan ba daidai ba ne.

Saboda haka kowane reshe ya zaɓi mata cikin shugabanninsa, a ba su riƙon kuɗi ko rubutu, a kuma sa taro lokacin da za su iya zuwa. Kowa ya tabbata matarsa da ƴarsa da ta isa zaɓe sun karɓi katinsu. Sakataren kowane reshe ya kawo mana sunayen a taro mai zuwa.

Gambo ta rasu a 2001. Allah ya jiƙanta, ya gafarta mata. Wassalam.