Ainu da Ƙidayar Shekara



Mun saba ɗaukar 1 ga Janairu ko 1 ga Muharram a matsayin mafarin shekara, har mukan manta cewa akwai al'ummomin da ƙasa da ruwa ne ke gaya musu shekara ta juya. Daga cikinsu akwai Ainu, 'yan asalin tsibirin Hokkaido a arewacin Japan, da Sakhalin da tsibiran Kuril.

A ƙidayarsu ta gargajiya, shekara biyu ce ke musanya: sak pa, ta lokacin ɗumi, da mata pa, ta lokacin sanyi. Mashigar ta ɗumin ita ce paykar, lokacin narkewar ƙanƙara. Mafassaranmu kan ce "bazara", amma ba mu yarda ba, domin bazararmu zafi ne da ƙishi, tasu kuwa fita ce daga ƙangin sanyi. Ta fi kama da saukar ruwan fari a wurin manomi.

A da, kafin ƙanƙara ta gama narkewa, maza kan bi beyar har kogon da ta yi barcin hunturu. In an sami 'ya'yanta, a kawo gida a rene su. Da ƙasa ta buɗe sai aiki ya koma hannun mata: su shiga daji tsinkar pukusa, wata tafarnuwar daji, su shanya domin baɗi, daga baya su tono saiwar turep su fitar da garinta. Ba a shiga babban aiki sai an yi kamuy nomi, wato roƙon ababen bautarsu a bakin murhu, da sassaƙaƙƙun sanduna da ake kira inaw.

To, me ya sami wannan ƙidaya? A 1869 gwamnatin Meiji ta raɗa wa tsibirin suna Hokkaido, ta kwararo baƙi. A 1873 Japan ta koma kalandar Turawa. Aka hana Ainu kamun kifin salmon a kogunansu, dokar 1899 kuma ta nemi mayar da su manoma. Mutumin da aka raba da kogi da daji, da me zai gane shekara ta juya?

Sai a 1997 aka soke waccan doka, a 2019 kuma doka ta amince su 'yan asali ne. A 2020 aka buɗe gidan tarihi na Upopoy a Shiraoi. Harshen kuwa, tun 2009 UNESCO ta sa shi cikin waɗanda ke gab da ɓacewa.